Cinikin Biri a Sama: Yadda Na Sayi Tsofaffin Kayan Sauti ta Intanet da Yadda Gyaransu Ya Kasance

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke tsakanin Ringim da Taura a jihar Jigawa. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da aka zo raba 'yan kayan ɗakinsa sai aka bar mini wata adakar ƙarfe cike da kaset, da na ƙirga na sami guda 43. Mafi yawansu tafsirin watan azumi ne da wa'azi, amma uku daga ciki muryarsa ce shi da kansa: biyu karatun Alƙur'ani ne da yake yi bayan asuba, ɗaya kuma nasiha ce da ya ɗauka ya aika wa yayanmu lokacin da yake karatu a Maiduguri. Rakodar da yake amfani da ita ta daɗe da mutuwa, na kuma tambaya a garinmu da kewaye ban sami mai irinta da take aiki ba. Wannan buƙata ce ta jefa ni cikin cinikin da zan ba da labarinsa, kuma ina rubuta shi daki-daki ne domin wanda ya ga irin tallan da na gani ya san abin da ke gabansa tun kafin ya tura kuɗi.

A farkon hunturu na ci karo da tallan a Facebook. Wani mai sayar da kayan gwanjo ne a Legas ya sa hoton wani saiti kirar Japan, irin na shekarun 1980: amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da na'urar kaset mai baki biyu wadda masu gyara ke kira dek, da akwatin rediyo, da sifika biyu. A ƙarƙashin hoton ya rubuta da Turanci cewa kayan suna kamawa, sai dai suna buƙatar ɗan gyara kaɗan, ya kuma sa musu naira 85,000. Muka koma WhatsApp muka yi kwana uku muna ja-in-ja har muka daidaita a kan 62,000. Na nemi ya turo mini bidiyo, ya turo, na ga fitilun gaba sun haska, allurai sun ɗan motsa, sai hankalina ya kwanta. Ban lura cewa a cikin bidiyon ko ƙwaya ɗaya ta sauti ba ta fito daga sifika ba, ban kuma nemi hoton bayan na'urorin ba, alhali a nan ne ake rubuta abin da ya fi komai muhimmanci. Da na tambaye shi mene ne ainihin matsalar, sai ya ce shi ɗan kasuwa ne, ba injiniya ba, amma duk yaron da ke gyaran rediyo zai iya. Na je Ringim wajen mai POS na tura kuɗin tare da 9,000 na webil, wato kuɗin aiko da kayan a mota, aka caje ni 700, na adana 'yar takardar shaidar a cikin littafina.

An ce mini kwana uku kayan za su iso Kano, amma sai a rana ta tara aka kira ni. A kwanakin nan ban sami barcin kirki ba, domin fiye da rabin albashina ne na tura wa mutumin da ban taɓa gani ba, kuma duk lokacin da na kira bai ɗauka ba sai zuciyata ta ce an yi da ni. Na shiga motar safe na sauka a Yankaba, na hau adaidaita sahu zuwa Sabon Gari inda manyan motocin kudu suke sauke kaya. Na isa da hantsi, amma sai bayan la'asar aka fito da kwalayena guda biyu daga cikin tulin kaya. Aka nemi katin shaidata na ɗan ƙasa, aka duba sunana da lambar wayata a jikin kwali, na sa hannu a rajista, na biya 2,000 kuɗin saukewa. Na ga kusurwar kwali ɗaya ta lotsa, amma saboda tsoron kada dare ya yi mini a hanya ban buɗe a gabansu ba. Mutum ya buɗe kayansa a wurin, ya ɗauki hoto kafin ya sa hannu, domin da zarar ya fita daga tashar babu wanda zai yarda cewa a hanya abin ya faru.

Kuskuren da ya fi ci mini rai a daren nan na tafka shi. Wutar lantarki ba ta zama a garinmu, don haka na kai kayan shagon ƙanena mai cajin waya, inda janareta ke aiki har ƙarfe goma. Fulogin amfilifayar mai ƙafa biyu ne masu faɗi, ba irin namu ba, amma soket ɗin da muke amfani da su yanzu ba sa ƙin kowane irin fulogi, sai ya shige ba gardama. Na danna makunni. Fitila ta haska da ƙarfi fiye da yadda na gani a bidiyo, wani gurnani ya taso daga cikin akwatin, kafin in kai hannu in zare har wani siririn hayaƙi ya fara fita ta ramukan sama, warin ƙonannen fenti ya cika shagon. Jikina ya yi sanyi. Ƙanena ya haska bayan na'urar da fitilar wayarsa, muka ga 'yar takardar ƙarfe da aka rubuta AC 100V a jikinta. Kayan da aka ƙera domin amfani a cikin Japan da wuta mai ƙarfin bolt 100 suke aiki, na Amurka da 120, mu kuwa tamu 230 ce, wadda aka saba kira 220. Ashe na ɗura mata fiye da ninki biyu na abin da take ɗauka. Allah ya sa ban jona dek ɗin da rediyon ba.

Washegari na kira mai kayan. Ya ce ai shi da na'urar rage ƙarfin wuta ya kunna su lokacin da ya ɗauki bidiyo, kuma ya ɗauka kowa ya san haka, sa'an nan ya tuna mini cewa ya faɗa tun farko kayan suna da gyara. Ban so in yi magana cikin fushi ba, sai na je wajen limamin garinmu bayan sallar isha. Na ce, "Allah gafarta Malam, na sayi kaya an ce suna da aibi amma ba a faɗi aibin ba, ni kuma na ƙara musu wani a hannuna, ina matsayina?" Ya bayyana mini cewa a fiƙihun Malikiyya mai sayarwa idan ya san aibi wajibi ne ya siffanta shi ko ya nuna shi, bai isa ya dunƙule shi cikin kalma ɗaya ba. Amma tun da wani babban aibi ya auku a hannuna, ba ni da damar mayar da kayan haka kawai in karɓi kuɗina cif. Zaɓina biyu ne: ko in riƙe in nemi a rage mini gwargwadon tsohon aibin, ko in mayar in biya abin da na ɓata. Ya ce in fara sanin mene ne tsohon aibin tukuna. Wannan magana ce ta sa na daina kiran Legas na koma neman mai gyara.

Na fara kai amfilifayar wajen wani matashi a kasuwar Ringim mai gyaran waya da rediyo. Ya buɗe, ya duba, ya ce shi shawararsa a kwashe kayan cikin gaba ɗaya a sa sabon fanel na China mai Bluetooth, a bar akwatin kawai, zai yi mini a 15,000. Ban ga laifinsa ba, domin ya faɗi abin da ya iya, kuma ga wanda sauti kawai yake so shawara ce mai kyau. Amma shi da kansa ya ce bai taɓa gyara dek ba, ya kuma kwatanta mini wani dattijo a bayan kasuwar Sabon Gari wanda tun yana saurayi yake wannan sana'a.

Ranar Asabar na kwashi saitin duka na koma Kano. Shagon ɗan ƙarami ne, an jera tsofaffin na'urori har rufi, waɗanda shi yake kira gawa, domin daga jikinsu yake cire kayan gyara. Na karɓi lamba a baki, mutum huɗu ne a gabana, na zauna a benci kusan awa uku. Da layi ya zo kaina ya ce kuɗin dubawa 2,000 ne, ko an gyara ko ba a gyara ba. Abin da ya fara yi shi ne ya kai hancinsa kusa da taransifomar amfilifayar, wadda ke rage ƙarfin wutar da ke shiga cikinta, ya shinshina, ya girgiza kai. Sa'an nan ya zaro fis ɗin, wato ɗan gilashin da zarensa ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa, ya ɗora a tafin hannuna. Gilashin ya daɗe da baƙi, an nannaɗe shi da zaren wayar tagulla daga wannan kai zuwa wancan. Ya ce, "Malam, ka ga abin da ya kashe maka taransifoma. Da fis na gaskiya ne a nan, da mai yiwuwa shi zai tsinke ya fanshi sauran." Na kai hannu zan taɓa wasu manyan gwangwanaye biyu da ke tsakiyar fanel, ya riƙe mini hannu da sauri. Ya ce kafasita ne, suna iya riƙe wuta ko bayan an zare na'ura daga soket, sai da ya sauke cajinsu ta cikin ƙwan lantarki ya auna da mita kafin ya bar ni na duba. Kan ɗaya ya kumbura. Ya ce akwai ruwan sinadari a cikinsu, yana bushewa da shekaru, zafi kuma yana gaggauta bushewar.

A nan na fahimci abin da ya sa gyaran irin waɗannan kaya yake da haɗari: lalacewa ɗaya tana ɓoye wata. Dattijon mai gyaran, wanda nake kira Baba, ya ce ba zai iya sanin lafiyar sauran sassan ba sai wuta ta shiga, wuta kuma ba za ta shiga ba sai an sake naɗin taransifoma a kan 16,000. Wato zan iya biyan wannan kuɗi sa'an nan a gano wata cuta da ta fi ta. Na ce, "Baba, babu wata hanya da za a leƙa kafin in zuba kuɗin?" Ya yi shiru, ya ce idan zan ƙara 3,000 in ba shi mako guda, zai ciro taransifoma daga jikin wata gawa ya yi mata aro don gwaji kawai. Duk cikin kuɗin da na kashe a wannan lamari babu wanda ya yi mini amfani kamar wannan dubu ukun.

Da na koma bayan mako guda ya maimaita gwajin a gabana. Bai jona na'urar kai tsaye ba, sai da ya ratsa wutar ta cikin wani ƙwan lantarki mai zare, irin na da, mai wat 100. Ya ce idan akwai inda waya ta haɗe a ciki, ƙwan zai haska ya tsaya da haskensa ya shanye wutar, ba abin da zai ƙone. Ƙwan ya yi haske sau ɗaya ya dushe, alamar babu haɗewa. Muka kasa kunne muna jiran ƙarar "ƙas" da wata 'yar na'urar kariya take yi bayan 'yan daƙiƙu idan ta yarda ta sada sauti da sifika. Ba ta yi ba. Ya ɗora mita kafin wannan na'ura, ɓangaren dama ya nuna kusan sifili, na hagu kuwa ya nuna bolt sama da 30 na tsayayyar wuta, wadda da za ta kai ga sifika da ta ƙone naɗin cikinta nan take. Tsohon aibin ke nan, kuma shi ya sa bidiyon ya zo da fitilu ba sauti. Laifin yana cikin wani baƙin dunƙule da aka ɗaure a jikin ƙarfen sanyaya na'ura, mai lamba da ta fara da STK. Kamfanin Sanyo ne ya ƙera irinsu, an daɗe da daina yin su, kuma dunƙulen a toshe yake, ba a saba buɗe shi a gyara ba, sai dai a canza. Baba ya ce sababbin da ke yawo a kasuwa yawancinsu jabu ne, wani ya yi wata guda, wani ko ranar ba ya kaiwa, kuma idan ya tashi mutuwa yakan tafi da wasu sassan. Na ɗauki hoton mitar da na fis ɗin na tura Legas ba tare da zagi ko gori ba. Bayan kwana biyu mutumin ya mayar mini da 8,000.

Baba ya rubuta mini lissafi a bayan kwalin sigari: naɗi 16,000, dunƙulen STK 14,000 idan an dace da na asali, kafasita 7,000, fis da ƙananan abubuwa 1,000, kuɗin aiki 10,000. Jimla 48,000, kuma ya ce ba zai ɗauki alkawarin da ya wuce wata guda ba. Zuciyata ta fi karkata ga a gyara, saboda ina jin idan na bari kamar na zubar da abin da na riga na kashe ne. Shi ne ya tambaye ni, "Malam, wai me ka sayi kayan nan ka yi da su?" Na ba shi labarin kaset ɗin mahaifina. Ya ce, "To ai ba wannan ce damuwarka ba. Dek ne damuwarka, shi kuma ba ka ƙona shi ba. Kuɗin da ya tafi ya tafi, ka yi lissafi da wanda ke aljihunka." Na ce a ajiye amfilifayar a buɗe dek.

Cikin dek ɗin bel ɗin roba sun narke sun zama kamar kwalta, sun manne a jikin ƙafafun da suke juyawa, sai da yaronsa ya yi kusan awa guda yana gogewa da auduga da sifirit. 'Yar robar da ke matse zaren kaset ta bushe ta yi ƙyalli, kuma Baba ya ce irinta ce ke sa na'ura ta tauna zare. Bel 3,500, roba 2,000. Batun wuta kuwa, na so in sayi na'urar rage ƙarfi, amma ya hana ni da dalili biyu: mafi yawan na kasuwa bolt 110 suke bayarwa, ba 100 ba, kuma a gidan da akwai yara wata rana sai wani ya jona kai tsaye. Ya sa wata ƙaramar taransifoma ta 230 daga jikin wata gawa a kan 5,000, ya canza fulogin zuwa irin namu. Akwatin rediyon lafiyarsa ƙalau, sai dai ma'auninsa na FM daga 76 ya fara ya tsaya a 90, kamar yadda tsarin Japan yake a lokacin, mu kuwa tashoshinmu daga 87.5 ne zuwa 108, don haka tasha irin Freedom Radio da ke kan 99.5 ba zai taɓa kamo ta ba. Na bar masa shi a madadin kuɗin aikinsa. Sifika ɗaya soson da ke zagaye da bakinta ya ruɓe, yana marmashewa idan an taɓa, aka sake shi a 6,000. Na kuma sayi sabuwar ƙaramar amfilifaya a 24,000, wadda ke aiki da batirin sola mai bolt 12.

A zuwana na huɗu na tafi da adakar. Baba bai yarda a fara da kaset ɗin mahaifina ba. Ya sa wani nasa da ya san sautinsa, ya ji yana ɗan sauri, ya daidaita gudun 'yar motar da ke juya kaset da ƙaramin sukundireba, sa'an nan muka gwada wani kaset na wa'azi har ƙarshe. Da muka zo kan ukun nan, ya ɓalle 'yan harsunan da ke samansu don kada wani ya danna maɓallin ɗauka bisa kuskure ya shafe, ya manna ɗan soson da ke ƙarƙashin zare a guda ɗaya da nasa ya faɗi, ya tura kowanne gaba har ƙarshe ya dawo da shi don zaren ya saki jiki. Da muryar ta fito ban iya cewa komai ba, shi ma ya ajiye abin da ke hannunsa har aka kai ƙarshen surar. A gida wani abokin aikina ya kawo kwamfutarsa muka kwafe su a shagon ƙanena, kuma aikin ba ya gaggautuwa, kaset mai minti 90 sai ya ci minti 90. Inna ta sa aka maimaita mata nasihar sau uku a daren farko.

Da na tattara lissafi, har da kuɗin mota na zuwa Kano sau huɗu a kan kusan 6,000 kowane zuwa, kuma bayan na cire abin da aka mayar mini, abin da na kashe ya haura naira 135,000 a kan kayan da na saya 62,000. Da zan sake, da mai gyara zan fara nema kafin mai sayarwa, in nuna masa hotunan, ya faɗa mini ko ana samun kayan gyaran wannan samfuri a Kano. Zan nemi hoton bayan kowace na'ura in karanta ƙarfin wutarta da idona, in nemi bidiyon da sauti ke fita ta sifika biyun ɗaya bayan ɗaya, kaset kuma yana juyawa, domin hasken fitila ba ya nuna komai sai cewa fitilar tana da rai. Idan mai kaya ya ce ɗan gyara ne amma ya kasa faɗin sunan gyaran, zan ɗauka mafi munin abu ne, in yi tayin da ko na yi asara ba zai taɓa abincin gidana ba. Kuma duk tsohuwar na'urar da ta shigo hannuna ba za ta ga wuta ba sai a teburin mai gyara, ta cikin ƙwan nan mai zare. Mu da ke ƙauye akwai ƙarin nauyi a kanmu, domin kowace ƙaramar matsala tana nufin yini guda a hanya da kuɗin mota, kuma wutar janareta tana hawa da sauka fiye da yadda tsofaffin kaya suke jurewa.

Amfilifayar tana nan a shagon Baba da sunana a jikinta. Mun yi yarjejeniya cewa idan Allah ya kawo masa gawa irinta mai lafiyayyar taransifoma ta 230 da dunƙulen asali, zai gwada su a gabana kafin in biya ko sisi, kuma idan kuɗin ya wuce 25,000 ya riƙe ta ya amfani wani da sassanta. Yau wata biyar ke nan bai kira ba tukuna.